Sati na uku da fara ɗinkin rigunan filon kujera

Salam 'yan uwa masu koyo, ga inda na kwana wannan satin. Riga huɗu na gama, biyu sun zauna daram, biyun farko kuma sai da na farke su na sake, kuma wallahi a wajen awo matsalar take ba a keke ba.

Filon nawa inci 18 ne ta kowane gefe, to da farko sai na yanka ƙyallen inci 19 da tunanin ai dole a bar rarar ɗinki, da na zura filon sai rigar ta yi masa yawa tana reto, kusurwoyin duk sun tsaya fayau babu komai a ciki. Yanzu daidai inci 18 nake yankawa, in ci rabin inci a ɗinki ta kowane gefe, rigar ta dawo 17, filon ya cika ta dam ya taso. Kusurwa kuma ba na ɗinke ta a miƙe sak, ina ɗan shigo da layin ɗinkin ciki kamar rabin inci idan na kusa kaiwa ƙarshe, sannan in datse tsinin da almakashi kafin in juya rigar, amma fa kar ku kai kan zaren. Da bayan cokali nake turo kusurwar, tsinin almakashi yana huda yadi.

Har yanzu ban sa zif ba. Mai baki a baya nake yi, ƙyalle biyu kowanne tsawon inci 18 faɗin inci 12, in kalmashe bakin kowanne rabin inci sau biyu in bi da dutsen guga in take, idan aka jera su ɗaya na hawa kan ɗaya da inci 4, filon ba ya leƙowa kuma cirewa a wanke ba wuya. Na taɓa gwada inci 2 kawai don in yi tattalin yadi, bakin ya dinga buɗewa da zarar an jingina.

Yadin kuwa ragowar atamfa ce ta ɗinkin sallah, sai wani mai kauri irin na labule da aka sayo min a Kantin Kwari. Don Allah ku wanke atamfa kafin ku yanka, tana ɗan tsukewa wata ma tana zuba. Allura lamba 14 ta yi min atamfar lafiya lau a keken Butterfly ɗina na ƙafa, amma da na zo kan mai kaurin sai ta fara tsallake ɗinki zare na tsinkewa, na yi ta murɗa wajen ɗaure zare a banza, ashe lamba 16 yake so. Bakin ƙyallen ta ciki kuma na kai wa tela ya bi min da wibin, ɗinkin da ke hana bakin yadi warwarewa, tunda kekena miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi.

Abin da ya rage min shi ne igiyar ado ta gefe, faifin ɗin nan. Na riga na yanka tsirin ƙyallen a karkace, faɗin inci ɗaya da rabi, don wanda aka yanka a miƙe ba ya lanƙwasa a kusurwa, tattarewa yake. Ƙafar zif ta keke, wadda zan ɗinka igiyar da ita, nake jira a kawo min, in sha Allah ranar Asabar zan gwada a kan wata riga mai ruwan ƙasa.