Kogin da Aka Hana Shi Bushewa

Duk wanda ya karanci ilimin ƙasa da duwatsu a jami'o'inmu ya san taswirar nan mai launi biyu. Birnin Kano da kudancinsa da yammacinsa suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda shekarunsa suka haura miliyan 500. Daga ƙasan Wudil kuwa, in ka nufi Ringim da Haɗeja da Nguru har Borno, dutsen nan nutsewa yake yi, yashi da yumɓu na kwarin Chadi su hau kansa. A aji haddace wannan muka yi don jarrabawa. Sai da na shiga aikin auna rijiyoyi a dausayin Haɗeja da Nguru na gane cewa iyakar nan ta taswira ita ce ke sauya wa Kogin Haɗeja hali gaba ɗaya.

A kan dutse ruwa ba shi da wurin ɓuya sai ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa. Shi ya sa a Kano za ka ga an haƙa burtsatse an samu ruwa, maƙwabci ya haƙa tasa a bayan katanga ya tarar da ƙura, kuma shi ya sa muke shan rana muna kafa ƙarafa a ƙasa muna tura lantarki don neman inda tsagar take. A kan dutsen, ƙasa ce ke ba kogi ruwa. Da ya gangaro cikin yashi sai abin ya juya, kogi ya koma mai ba ƙasa. Ka auna shi a Wudil, ka sake aunawa a Haɗeja: raguwa yake yi. Wanda ke zaune a ofis da alƙaluman nan biyu zai ce ruwa ne ke lalacewa a hanya, gara a tare shi a sama a yi amfani da shi. Tunanin da ya gina madatsunmu ke nan, kuma ba wawaye ne suka yi shi ba. Abin da ba su yi ba shi ne bin ruwan su ga inda ya shiga.

Aikinmu shi ne bin sa. Kayan aikin ba wasu na a-zo-a-gani ba ne: tef mai tsawo a naɗe, da ɗan ƙarfe a bakinsa wanda ke ƙara da zarar ya taɓa ruwa, sai littafi da fensir. Dole ka isa rijiya da asuba, kafin mata da yara su fara jan guga, don da an ja ruwa ya sauka, awonka ya ɓaci. Dole kuma ka riƙa ɗora tef ɗin a wuri ɗaya a bakin rijiyar kowane zuwa, shi ya sa muke shafa ɗan fenti a kan siminti ko a kan itacen da aka gicciya. Wata rijiyar za ka leƙa ka ga kwaɗi, wata ka tarar an rufe ta da ƙaya sai an kira mai unguwa. Haka za ka yi ta yi wata bayan wata, ba ka ganin komai sai lambobi. Sai ranar da ka jera su a takarda ɗaya. Rijiyoyin da ke gab da fadama suna tasowa bayan ambaliya ta iso, na nesa kuma su biyo baya a makare, kaɗan kaɗan. Ruwan saman da ke sauka a wajen Nguru bai wuce milimita 500 a shekara ba in an kwatanta, abin da rana da iska ke iya shanyewa kuwa ya ninka haka sau da yawa. Ashe matar da ke jan guga a ƙauyen da ba a hango kogi daga cikinsa, wani kaso na abin da take ja ruwan da ya sauka ne a Kano da Bauchi da tsaunukan Jos, ya kwanta a fadama, ya tsiyaya ƙasa.

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aikin da aka ɗauko a zamanin Gwamna Audu Bako. Ta Challawa da ke wajen Ƙaraye ta biyo baya a 1992. Su biyun ne ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke zuwa Kogin Haɗeja. Ba na cikin masu tsine musu. Ruwan famfon Kano daga nan yake, haka shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa, kuma wanda ya ga abin da farin 1973 ya yi wa mutane ba za a zarge shi ba don ya nemi tare ruwa. Amma an biya kuɗin a ƙasan kogi. Wajen 1969 zuwa 1974 filin da ambaliya ke shafewa a dausayin ya haura murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. Fari na da nasa kaso a ciki, madatsu ma na da nasu.

Wannan shi ne ɓangaren da kowa ke faɗa, kuma da shi na je. Abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Madatsa rage ruwan damina take yi, ta ƙara na rani. A da, da kaka ta wuce kogin yakan ja baya, rassansa su bushe ƙayau, shanu su taka cikinsu, rana ta ƙone duk abin da ya tsiro. Da aka fara sako ruwa duk shekara don famfo da noman rani, sai ya zama akwai ɗan ruwa marar zurfi kwance a magudanai wata goma sha biyu. Babu abin da kachalla ke so kamar wannan. Ciyawa ce da ke fin tsayin mutum, iska na ɗaukar irinta, saiwarta kuma na bi ta ƙarƙashin laka tana fitar da sabbi. Da ta kafu sai ta rage wa ruwa gudu, ruwan ya sauke lakar da ya ɗauko, magudana ta ƙara cikewa, kachalla ta ƙara samun wurin zama. A ƙasan garin Haɗeja kogin rabuwa yake yi tsakanin tsofaffin tuddan yashi, akwai tsohon Kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai Marma mai zuwa tafkin Nguru. Da bakunan wasu suka toshe sai ruwa ya karkata Marma. Sakamakon shi ne abin da ido ba ya son yarda da shi: ƙauye guda gonakinsa sun nutse shekara da shekaru ba a noma su, wani ƙauyen da ba shi da nisa fadamarsa ta bushe yana roƙon ruwa. In ka tara ruwan shekara ka raba, lissafi zai ce maka babu laifi sosai. Lokacin zuwansa da lokacin tafiyarsa ne suka ɓaci, kuma ba su fitowa a jimilla.

Wani dattijon masunci ne ya fara faɗa mini haka, tun kafin lambobina su nuna. Muna cikin kwalekwalensa, yana tura gora ta wata 'yar siririyar hanya da suka sare a cikin kachalla, ganye na shafar kafaɗunmu ta kowane gefe. Na ce, "Baba, ai ku kun huta, ga ruwa rani da damina." Ya ce, "Yaro, ruwan da ba ya tafiya ba ya kawo kifi. Da can in ya hau fadama kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, in ya janye mu tare shi a bakin hanya. Yanzu ina zan jefa raga a nan?" Ya nuna mini yadda suke saran ciyawar, ba a sama ba, sai an nutsa lauje a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, don ruwa ya shiga kararta ta ruɓe. Bayanin da littattafai ke yi ke nan, cewa ta ganye take kai wa saiwarta iska. Ya lissafo mini tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da gaiwa, wanne ya ragu, wanne ya ƙanƙance, da shekarar da abin ya soma, yana ɗaure ta da haihuwar ɗansa. Tun daga nan ba na buɗe littafin awo a ƙauye sai na zauna da sarkin ruwa da tsofaffin manoma. Ba don ladabi kaɗai ba. Su ne ke riƙe da tarihin shekarun da babu wanda ya rubuta.

Masu nazarin tsuntsaye na haɗu da su ne a watan Janairu, lokacin ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi a ƙasashen duniya kowace shekara. Da farko ban ga abin da ya haɗa aikina da nasu ba. Suna tsayawa a gefen tafki cikin hazon hunturu da madubin hangen nesa a kan ƙafa uku, mutum ɗaya na kallo yana faɗa, ɗaya na rubutawa. Ba ɗaya bayan ɗaya ake ƙirga garke ba. Sai ka ware goma da ido, ka ga faɗin da suka ci, ka mayar da shi ɗari, sannan ka riƙa aza wannan faɗin a kan sauran. In shaho ya gitta suka tashi, an koma farko. Akwai na gida, kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da belbela. Akwai baƙi, ƙananan agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke hayayyafa a arewacin Turai da Rasha, su ƙetare hamada su zo nan cin hunturu. Saboda su ne aka san Dagona, wata matattarar tsuntsaye a dausayin, a duniya, har Yarima Philip na Ingila ya zo a 1989, kuma tafkin Nguru da Marma ya zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, a 2000. Gauraka kuwa, da kakanninmu suka saba jin kukanta a fadama, yanzu ganinta sai an dace.

Da muka ɗora takardunsu a kan nawa sai na ga magana ɗaya muke yi. Tsuntsun bakin ruwa laka yake nema, wadda ruwa ya janye ya bari, mai tsutsa da zubabbiyar shinkafa. Ita ce dai lakar da manomi ke shuka wake a kanta da sauran danshi, ita ce ke fitar da ɗanyar ciyawar da Bafulatani ke jira da rani, kuma ta cikin filin nan ne ruwa ke sauka zuwa rijiyoyina. Inda kachalla ta rufe, waɗannan tsuntsaye ba su da wurin sauka. Wanda ke samun masauki shi ne jan baki, ya kwana a cikinta dubbai, da safe ya faɗa wa gero da dawa da shinkafar mutane. Sauro ma na samu, da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Mutanen ƙauye kan tambaya, kuma da gaskiyarsu, me ya sa ake zuwa da mota don tsuntsu alhali yaransu na fitsarin jini. Amsar da nake bayarwa ita ce ƙidayar tsuntsun nan na cikin ma'aunai mafi araha da muke da su na sanin ko fadama na cika tana janyewa yadda ya kamata.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan fage, wato yadda muke wasa da bayanai. Ilimin ruwa na dogon zango ne. Awon shekara biyu ba ya gaya maka halin kogi. A gindin gadoji akwai allon ƙarfe mai lambobi, akwai kuma mutumin ƙauye da aka ɗauka ya duba shi safe da yamma ya rubuta. Na tarar da irinsu da aka daina biya, aka daina zuwa karɓar littafinsu, wani bai fasa rubutawa ba har takardarsa ta ƙare. Na ga tsofaffin littattafan awo a ɗakin ajiya gara ta ci rabinsu. Wani shiri zai zo da kuɗin waje, a sayi na'urori masu tsada, shekara kaɗan kuɗi su ƙare, batir ya mutu, a bar giɓi a tarihin kogi. Ginin da ya rushe ana sake shi. Tsayin ruwan ranar da ba a rubuta ba, babu kuɗin da zai dawo da shi, hoton tauraron ɗan'adam ma sai da awon ƙasa ake gane gaskiyarsa. Da ni ke raba kasafi, albashin mai duba allon nan zan fara cirewa kafin kuɗin taro.

Kogin kuma bai ƙare a Nguru ba. Ruwan Haɗeja da na Jama'are ne ke haɗuwa su zama Yobe, ya wuce Gashuwa da Gaidam, ya zama iyakar Nijeriya da Nijar, ya shayar da gonakin tattasan Diffa kafin ya kai Tafkin Chadi. Yau mafi yawan abin da ke isa Gashuwa daga Jama'are yake, don ita ce ba a tare ba, shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar kammala madatsar Kafin Zaki, wadda za ta tare ruwan Jama'are, hankalin mutanen da ke ƙasan kogin ke tashi. Masana tattalin arziki da suka yi lissafi a shekarun 1990 sun nuna cewa ruwan da aka bari ya hau fadama, in aka haɗa noma da su da itace, ya fi kawo amfani a kan kwatankwacinsa da aka kai manyan filayen ban ruwa na sama. Tun a lokacin ake ba da shawarar a riƙa sarrafa ƙofofin Tiga da Challawa yadda za su kwaikwayi kogi: a saki ruwa da yawa a watannin da ambaliya ta saba zuwa, a tsuke shi sosai na wani lokaci da rani don magudanai su sha rana, a kuma yashe bakunan da suka toshe. Injin yankan kachalla na taimakawa, amma muddin ruwan rani na kwance za ta dawo. Wahalar ita ce ranin da fadama ke bukatar bushewa shi ne lokacin da mai tumatir a Kura da mai alkama a Auyo da mai buɗe famfo a Kano suka fi bukatar a saki ruwa, kuma jadawalin da zai raba wannan sai Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno sun zauna a kansa da lambobin da kowa ya yarda da su.