Fim ɗin mikiya da yaran gidanmu

Daren Asabar da aka kawo wuta, na kunna wa yaran gidanmu a Gwammaja wani fim kan rayuwar mikiya. Tambayoyi kuwa har suka hana ni shan shayina.

"Kawu, ya aka yi ba ta kaɗa fiffike amma ba ta faɗowa?" To ga kimiyya ta shigo. Rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta tashi, ita kuma ta baje fikafikai iskar ta yi ta ɗaga ta. Na ce da azahar su ɗaga kai wajen Dutsen Dala, haka shirwa ke yi.

Da aka ce faɗin fikafikanta ya kai mita 2, muka ari tef ɗin ɗinkin mamansu muka auna a tsakar gida. Babban, wanda lissafi ke sa shi ciwon ciki kowace Litinin, shi ya riƙe alli.

Ni dai labarin Amurka ya fi tsaya mini. Maganin ƙwari DDT ya bi ta kifi ya shiga jikin mikiyarsu mai farin kai, ɓawon ƙwanta ya yi laushi yana fashewa, har aka hana feshinsa a 1972. Nan hira ta koma kan wanke tumatir da latas kafin a ci.

Autar kuwa fasfona ta ɗauko, ta nuna jar mikiyar tambarin Najeriya. Yanzu zanenta take yi, sai dai ya fi kama da zabo.