Gyaran gangar jikin katamaran: a fara da gindi

Duk mai son katamaran ɗinsa, wato jirgin ruwa mai gangar jiki biyu, ya ƙara gudu da iska, ya fara tsayawa a baya ya duba gindin tagwayen gangar jikin yayin da jirgin ke tafiya. Idan gindin ya nutse, ruwa na tafarfasa a bayansa, to jirgin jan ruwa yake yi, kuma sabon filafilin kama iska ba zai magance wannan ba.

Nauyi ne ke jawo haka. Janareta, batura, ƙaramin kwalekwale da tankin ruwa duk a baya ake jibge su, kuma lita 400 ta ruwa kilo 400 ce. A rage kaya, a matso da masu nauyi tsakiya. Sannan a kankare ƙasan jirgin, domin ruwan Legas mai ɗumi ne, jirgin da ya yi 'yan makonni a mashigin ruwan Five Cowrie Creek ba motsi sai gansakuka da ƙananan katantanwa su lulluɓe shi. A sa farfela mai naɗewa a madadin marar naɗewa, don rage jan ruwa.

In an yi wannan gindin bai fito ba, sai ƙarin tsawo a bayan jirgin. A jirgi mai mita 11 zuwa 12, ƙarin santimita 60 zuwa 90 a kowace ganga ya wadatar. Dole ƙarin ya bi lanƙwasar ƙasan jirgin yana hawa a hankali, har ƙarshensa ya tsaya daidai saman ruwa in an yi lodi. Ana gina shi da allon kumfa na PVC mai kilo 80 a kowace mita kubik, a lulluɓe ciki da waje da faiba, wato saƙar zaren gilashi, mai giram 600 a kowace murabba'in mita, shimfiɗa biyu ko uku.

Mahaɗar ƙarin da tsohon jiki ce wurin da aiki ke lalacewa. A goge tsohon fenti har faiba ta bayyana, a fiƙe bakin da gangare na 12 bisa 1, wato tsawon gangaren ya ninka kaurin faibar sau 12, a yi amfani da gam ɗin efoksi. Masu gyaran kwalekwale sun saba da wani gam, foliyesta, saboda araha, amma ba ta kama tsohuwar faiba da ƙarfi, kuma igiyar ruwan bakin teku wajen Tarkwa Bay za ta tona asirinta. Zafi na sa efoksi daskarewa a roba tun ba a shafa ba, don haka a ɗauki mai jinkirin bushewa, a kwaɓa kaɗan-kaɗan. Laima kuma tana barin maiƙo a samansa, sai an wanke da ruwa kafin a ɗora wata shimfiɗa. Shi ya sa na fi son a yi aikin a Disamba ko Janairu, lokacin hunturu.

Don Allah kada a mayar da ƙarin ma'ajiya. A rufe shi ruf, a bar ƙaramar ƙofar dubawa, kuma a auna ɓangarorin biyu da ma'auni ɗaya, in ba haka ba jirgin zai riƙa karkata gefe guda.