Saƙon Godiya Bayan Ƙaddamar da Littafina na Farko

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nuna mana ranar Asabar da ta gabata, aka taru aka ƙaddamar da littafina na farko, aka kuma watse lafiya. Ina miƙa godiyata ga iyayen taro, da shugaban taro, da malamina da ya yi bitar littafin, da 'yan'uwa da abokan arziki da suka bar harkokinsu suka zo, musamman waɗanda suka yi sammako daga Zariya da Katsina da Maraɗi. Wanda ya sayi kwafi ɗaya da wanda ya sayi goma duk ɗaya suke a wurina, Allah ya mayar wa kowa da ninkin abin da ya kashe.

Akwai kuma waɗanda ba a kira sunansu a lasifika ba ranar, wasunsu ma ba su san an yi taron ba, alhali da ba don su ba da har yanzu littafin nan yana kwance a cikin kwamfuta. Su ne yayyenmu da iyayenmu a harkar rubutu, waɗanda suka zauna suka rubuta wa na baya yadda mutum zai buga littafinsa da kansa, wasu a ƙasidun da ake rabawa a zaman marubuta, wasu a 'yan littattafan jagora, wasu kuma a dogayen bayanai da suke sakawa a Facebook kyauta. Saboda su ne na ga bai kamata godiyar nan ta tsaya a layi biyu ba.

Duk wanda ya san tarihin ɗab'in Hausa ya san dalilin da ya sa muke buƙatar irin wannan jagora. A da marubuci yana kai rubutunsa Zariya ne, Kamfanin Gaskiya ko kamfanin ɗab'i na Arewa, wato NNPC, su ɗauki nauyin gyara da bugu da rarrabawa. Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya taɓarɓare, manyan kamfanoni suka karkata ga littattafan makaranta, sai marubuta suka koma buga abinsu da kuɗin aljihunsu, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka taso a Kano. Tun daga lokacin marubucin Hausa shi ne edita, shi ne mai ciniki da maɗaba'a, shi ne kuma mai bin bashi a kasuwa. Sanin wannan aiki ya daɗe yana yawo daga baki zuwa baki, wanda ba shi da uwa a gindin murhu kuwa sai ya koya da asarar dukiyarsa. Waɗanda suka mayar da shi rubutu sun buɗe wa irina ƙofa, mu matan aure da ba kullum muke samun zuwa taron marubuta ba.

Daga wurinsu na san cewa lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ba a wurin mai maɗaba'a ake sayen ta ba, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayar da ita a Nijeriya, kuma kowane littafi da tasa mai lamba 13, ba a aron ta wani a manna. A nan ne kuma na ga cewa doka ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi 3 wannan ɗakin karatu a ajiye. Littattafan Hausa da yawa da muka karanta muna 'yan mata ba su bi ta wannan hanya ba, shi ya sa yau ko da kuɗinka sai ka sha wahala kafin ka samu kwafi guda.

Shawarar da ta fi yi mini rana ita ce ta haruffa masu lanƙwasa. Wata Hajiya da ta daɗe a harkar ta yi gargaɗi a rubutunta cewa tsofaffin salon haruffan da masu buga rubutu a shago suke amfani da su ba sa jure canjin kwamfuta, don haka kada marubuci ya yarda a yi farantin da injin bugu ke aiki da shi sai ya ga samfurin shafuka a takarda da idonsa. Na bi maganarta. Da aka miƙo mini samfurin a maɗaba'a, sai ga ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, tun daga shafin sadaukarwa har zuwa na ƙarshe, domin injinsu bai san haruffan da wanda ya buga mini rubutun ya yi aiki da su ba. Aka mayar da komai kan haruffan Unicode, waɗanda ba sa rikicewa idan an canja kwamfuta, aka rufe shi a PDF, aka sake fitar da samfuri na karanta shi layi-layi kafin na sa hannu. Hajiya, ba ki san ni ba, amma kin tsare mini kuɗin takardar da na daɗe ina tarawa da adashe. Allah ya tsare miki zuri'arki.

Haka nan bayanin lissafin maɗaba'a. Na shiga wurin na riga na san cewa gara adadin shafuka ya zama wanda 16 ko 8 za ta raba, saboda yadda ake naɗe babbar takarda a yanka, na kuma san bambancin takarda mai nauyin giram 60 da mai 70, da irin katin da ya dace da bango. Mai maɗaba'ar mutumin kirki ne, ina kuma gode masa bisa haƙurin da ya yi da yawan tambayoyina, amma ciniki yakan fi tsabta idan mai saye ya san abin da yake saye.

Kan yawan kwafi kuwa bakin masu jagorar bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce a buga da yawa domin kuɗin kowane kwafi ya sauko, wasu suka ce a fara da kaɗan tunda masu shagon littattafai kan karɓa ne sai an sayar su biya, ga kuma masu karatu da suka koma waya. Na ɗauki ra'ayi na biyu, kuma ina ganin shi ya fi dacewa da sabon marubuci a wannan zamani. Sun kuma fahimtar da ni cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun daga lokacin da aka rubuta abu, kuma a ƙarƙashin dokar 2022 yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, sai dai yin rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka yana ƙarfafa hujja ranar da aka tsinci littafin mutum ana raba shi a WhatsApp.

Ba kowace jagora ce ta amfane ni ba, gaskiya ɗaya ce. Waɗanda aka kwaso daga Amurka da Ingila aka juye su zuwa Hausa suna magana ne a kan kasuwar da ba tamu ba, babu ruwansu da ɗan kasuwar Sabon Gari ko da ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano. Roƙona ga manyanmu na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya (ANA) da sauran ƙungiyoyin marubuta shi ne a tattara waɗannan shawarwari na gida da suke warwatse a littafi guda, a ƙara babi a kan sayar da littafi ta intanet, domin tun da dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks ya rufe a 2023 matasa da yawa ba su san inda za su dosa ba.

Ina gode wa mahaifiyata bisa addu'arta, da maigidana da ya yi ta zirga-zirgar maɗaba'a a madadina, da ƙanwata da ta zauna a teburin sayarwa tun safe har aka tashi. Waɗanda suka biya kuɗi ba su karɓi nasu kwafin ba su ƙara haƙuri, za a aika musu cikin makon nan in Allah ya yarda. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan marubutanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.