Ka Saurari Bishiya Kafin Ka Ɗaura Mata Igiya

Ƙannena masu sha'awar binciken daji, na fara hawan bishiya da igiya ne a kurmin Korup da ke kudu maso yammacin Kamaru, kusa da garin Mundemba, kurmin da aka mayar gandun daji na ƙasa a 1986. Aikina shi ne tsinko ganye da furanni daga ƙololuwa, domin a irin wannan kurmi, inda ruwan sama kan haura milimita 5,000 a shekara, furanni da 'ya'yan itace suna can sama, mita 30 zuwa 40 daga ƙasa, inda rana take kaiwa.

Ana harba siririn zare da danƙo ya tsallake reshe, a jawo babbar igiya da shi, sannan mutum ya hau da ƙarfen da ke cije igiyar ya hana shi zamewa. Wannan ƙarfe na hawa ne kawai. Mai son sauka sai ya sauya zuwa wani, yana reto a sama, kuma ni na ƙware a hawa alhali ban horar da hannuna a kan sauyin nan ba.

Wata safiya dattijon da ke mana jagora, tsohon maharbi ɗan yankin, ya ɗaga kai ya daɗe yana saurare, sannan ya ce mini: "Ɗana, bar wannan, akwai zuma a cikinta." Na duba ban ga komai ba, kuma na riga na ɓata sa'a biyu kafin zaren ya kama reshe, sai na ƙi jin maganarsa. Ga shi na shafa turare kamar yadda na saba tun daga gida, ƙamshi kuwa yana jawo ƙudan zuma. Na kusa reshen ke nan na ga bakin wani kogo a jikin bishiyar, baƙi ƙirin, ƙudan zuma suna shiga suna fita. Guda ta harbe ni a wuya, na murƙushe ta da tafin hannu, wanda shi ne kuskure mafi muni, domin harbinta yana sakin wani wari mai kama da na ayaba da ke kiran sauran. Suka yo kaina, yatsuna suna rawa, ƙarfen sauka ya ƙi shiga igiya. Da ƙyar na iso ƙasa, idona ɗaya a rufe da kumburi, asibiti kuma yana nesa da tafiyar ƙafa ta sa'o'i. Da ina cikin waɗanda jikinsu ba ya jure dafin zuma, da numfashina ya toshe a nan.

Saboda haka ku maimaita sauyin ƙarfen nan a ƙaramar bishiya har ku iya yinsa ido a rufe. Ku ɗaure igiyar a gindin bishiya ta yadda na ƙasa zai iya sauke ku idan kun suma, domin wanda ya daɗe yana reto a ɗamarar da ke riƙe mai hawa a jikin igiya ba motsi, jini kan taru a ƙafafunsa ya halaka shi. Ku riƙe ragar rufe fuska a aljihu, ku kuma zauna da madubin hangen nesa ku dubi bishiyar sosai kafin ku harba zare.

Kada ku cusa hannu cikin tsiron da ke manne a reshe ba ku gani ba. Nan tururuwa masu ɗinke ganye suke, nan kuma koren macijin mamba kan kwanta, launinsa ɗaya da ganyen.

Abin da ya fi damuna har yau bai shafi jikina ba. Na taɓa kafa igiya dab da kogon wata babbar cilakowar kurmi. Macen wannan tsuntsu takan toshe kanta a ciki lokacin kwanci, ta bar 'yar tsaga da namijin ke miƙa mata abinci. Na yini ina aiki a wurin, namijin yana kewaya da 'ya'yan itace a baki, ya kasa matsowa. Sai da yamma na lura da ƙarshen bakinta yana leƙowa ta tsagar. Na kwance igiyata, ban sake hawa bishiyar ba a wannan shekarar.