Hannuna na Magana, Fuskata na Zaman Makoki

Ranar da na kama aikin tafinta wa ɗalibai kurame, dogon hijabi na zumbula har ƙasa, hannuna ya sha lalle ja da baƙi saboda bikin ƙanwata bai daɗe da wucewa ba, ga awarwaro shida suna ƙara. Na tsaya a gaban aji, taga a bayana. Ɗalibai sun haura sittin, huɗu daga cikinsu kurame ne, an zaunar da su a bencin gaba. Malamin kimiyya ya fara darasi, ni kuma na shiga juya yatsu yadda aka koya mana a kwaleji. Yaran suna ta gyaɗa kai. Na koma gida ina ganin na burge.

Washegari ɗaya daga cikinsu, wata yarinya mai ido a tsaye, ta jawo gefen hijabina lokacin tara. Ta nuna taga, ta runtse ido. Ta nuna awarwarona, ta karkaɗa hannu. Ta kama hijabin ta nuna yadda yake haɗiye hannuna duk lokacin da na ɗaga. Ashe jiya inuwata kawai suka yi ta kallo, gyaɗa kan kuwa ladabi ne. Tun ranar na koma sa hijabi mai hannu, launi ɗaya mara zane, na daina tsayawa inda haske zai fito ta bayana.

Wannan gyaran ba shi da wuya. Mai wuyar shi ne yarda cewa takardar shaidar da nake taƙama da ita ba ta mayar da ni mai jin harshen ba.

Abin da ake koyarwa a makarantunmu tushensa harshen alama na Amurka ne. Wani baƙar fata kurma ɗan Amurka, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, sannan a Ibadan a 1960, kuma kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da talatin a Afirka. Ya yi aikin da ba za a manta ba. Amma alamomin sun zo da Turancinsu a goye. Alamar ruwa, yatsu uku ne a haɓa, siffar harafin W. Alamar Litinin da harafin M ake yin ta. Yaron da ya tashi a gidan Hausawa, wanda in yana jin ƙishi yake dunƙule tafi ya kai baki kowa ya gane, ina ruwansa da W? Ƙari a kan haka, mu an horar da mu mu bi jimlar Turanci kalma bayan kalma, har da ƙananan kalmomin da kurma ba ya buƙata.

Alhali kuwa akwai maganar hannu, wadda kuramen ƙasar Hausa suke yi tun kafin a gina ajin farko. A Kano har Sarkin Bebaye ake da shi, kamar yadda makafi suke da nasu sarkin. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990 ta nazarci wannan harshe. Ni da aka haifa a cikinsa ban taɓa ɗaukarsa harshe ba, nuni kawai nake ce masa. Abin kunya, sai da na yi shekara ina aiki kafin na shiga inda ake yin sa da gaske.

Yarinyar nan ce ta ja ni sunan wata kurma da ta haihu. Tsakar gida cike da mata, babu hayaniya, amma hira ta yi daɗi, ana dariya har da tafawa. Na gabatar da kaina da haruffan yatsu, ina yi a tsanake kamar mai karatun allo. Wata dattijuwa da ke zaune a kan turmi ta ƙare mini kallo, ta yi wani abu da hannu, gida ya ɗauki shewa. Sai da aka maimaita mini sau biyu na gane: wai hannuna yana magana, fuskata tana zaman makoki.

Na ce, "Inna, to ki koya mini." Ta ɗaga gira ta karkato kai: kin ci abinci? Ta sauke gira ta haɗe su: me kika ci? Hannun kusan ɗaya ne, fuskar ce ta raba tambayoyin. Ta kumbura kumatu, abu ya zama ƙato. Ta tsuke baki, ya zama ɗan mitsitsi. Da za ta ba da labarin kishiyoyi biyu, sai ta ajiye uwargida a damanta, amarya a hagunta, daga nan ba ta sake ambaton kowa ba, juya kafaɗa kawai take yi ka san wa ke magana. Mu da aka tarbiyyantar a kan mace ta sunkuyar da kai, kada ta cika yatsina fuska a gaban mutane, wannan darasi ya yi mini nauyi. Na yi watanni ina gwadawa a gaban madubi bayan sallar isha'i, maigidana yana leƙowa yana tambaya ko lafiya.

Da na koma aji, komai ya sake. Akwai kalmar Turanci mai haruffa 14 da ake nufin yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana. A da sai in harhaɗa ta da yatsu harafi bayan harafi, yara su kwafa, a tashi. Yanzu sai in kafa hannun hagu ya zama itace, rana ta sauko daga sama ta dama, ruwa ya hau ta saiwa, iska ta shiga ganye. Sai na ga idonsu ya buɗe sannan in ba su haruffan, tunda da Turanci za su rubuta jarrabawa.

Abin da malamai da yawa ba sa lura da shi: mai ji yana iya kallon allo kunnensa na sauraro, kurma kuwa ido kaɗai ne yake yi masa aikin biyu. In ya dubi allo ya rasa ni, in ya dube ni ya rasa allo. Kuma kullum ina bayan malami da 'yan daƙiƙoƙi, don sai na fahimci jimla nake iya juya ta. Kafin tambaya ta iso bencin gaba, masu ji sun riga sun amsa. Na yi ta roƙo: "Malam, don Allah in ka yi rubutu ka ɗan dakata." Wasu sun karɓa, wasu har gobe suna magana fuskarsu na kallon allo. A ƙa'idar aikin, tafintoci biyu ne suke karɓa-karɓa duk bayan minti ashirin zuwa talatin. Ni kaɗai ce daga safe har azahar, duk da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Darasin ƙarshe ni ma na san rabinsa nake isarwa.

Kuskuren da ya fi damuna na tausayi ne. An tambayi wani yaro a darasin lissafi, ya ba da amsar da ba daidai ba, ni kuma da zan faɗa da baki sai na gyara masa. Malami ya ce madalla, ya wuce. Yaron ya tafi da kuskurensa yana ganin daidai ne, ya zuba shi a jarrabawa. Na hana shi abin da kowane ɗalibi yake samu kyauta: ya yi kuskure a gyara masa. Yanzu abin da aka faɗa shi nake isarwa, ko mai daɗi ko mara daɗi. Ranar da wani ya ce in bar wahalar da kaina ai ba ganewa suke yi ba, yarinyar nan ta tambaye ni me ya ce, na gaya mata. Ta kalle shi har sai da ya kawar da kai.

Yawancin yaranmu iyayensu masu ji ne. Wasu ƙyanda ce ta tafi da jinsu, wasu sanƙarau, kuma cikin manyan kuramen da na sani akwai waɗanda annobar sanƙarau ta 1996 ta bari a haka. A gida maganar ba ta wuce zo, tafi, ci, ɗauko.

Ranar karɓar sakamako mahaifin yarinyar ya zo daga ƙauye. Ya juyo gare ni ya ce, "Malama, ki gaya mata ta ƙara ƙoƙari." Na ce, "Baba, ita za ka duba ka gaya wa, ni hannu ce kawai." Na koma gefensa na tsaya. Ya yi nasiharsa, ta saurara. Sai ta ce tana da tambaya: me ya sa aka sayar da akuyarta shekara uku da suka wuce, ba wanda ya ce mata komai? Ya fara dariya, dariyar ta tsaya. Ya ce da kuɗin aka saya mata akwati da katifa aka kawo ta makaranta, ya ɗauka ta sani. Ta girgiza kai. Ya jima yana murza hularsa, sannan ya tambaye ni yadda ake cewa akuya da hannu. Ban amsa ba, ita ta kama yatsunsa ta gyara masa su.