Abin Da Takardun Haraji Suka Nuna Mini Game da 'Yan Panama da 'Yan Malesiya a New York

Sana'ata ita ce cike wa mutane takardun haraji. Ofishina ɗaki biyu ne a unguwar Flatbush da ke Brooklyn, cikin birnin New York, da tebur uku, da injin buga takarda, da kabad mai makulli inda nake ajiye fayil ɗin jama'a. Daga ƙarshen Janairu zuwa 15 ga Afrilu, ranar da hukumar haraji ta IRS ta yanka wa kowa, ba ni da Asabar ba ni da Lahadi. Sauran watannin shekara kuma nakan riƙe wa masu ƙananan shaguna littafin shiga da fita, in amsa wasiƙun da hukuma ke aiko wa abokan hulɗata.

An ce sirrin ciki sai hanji. To mu a wannan aikin hanjin ake kawo mana. Mutum zai iya shigowa da kwat da agogo mai ƙyalli, amma da zarar ya zazzage ambulan a kan tebur, ka ga ainihin halin da yake ciki: nawa ya samu, wa yake ciyarwa, bashin me ke wuyansa, me zai ci idan ƙarfi ya ƙare.

Da na buɗe, 'yan uwana na Afirka ta Yamma ne ke zuwa, direbobin tasi da masu kitso da masu gadi. 'Yan Panama maƙwabta ne, su suka same ni da kansu, domin Crown Heights da Flatbush tsohon mazauninsu ne, har fareti suke yi a titin Franklin duk watan Oktoba. 'Yan Malesiya kuwa wata ɗaliba ce ta jawo mini su. Na ɗauke ta aikin kakar haraji tana karatun akanta, 'yar garin Ipoh ce a Malesiya, tana jin Malayanci da Kantonanci da Turanci. Kafin ta gama karatu, mutanenta na unguwannin Sunset Park da Flushing da Elmhurst sun riga sun san ƙofata. Ta tafi, su ba su tafi ba.

Shekara da shekaru ina ganin takardun waɗannan jama'a biyu, kuma abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ƙofar da kowa ya shigo Amurka ta cikinta. Ita ke bin mutum har tsufansa, har ta bi 'ya'yansa.

Akwai wata dattijuwa 'yar Panama da ke zuwa mini a makon farko na Fabrairu, ba ta taɓa saɓawa ba. Ta haura tamanin. Takardunta a ɗaure suke da roba, kowace a ninke gida uku: ta fanshon asibitin da ta yi wa aikin jinya, ta fanshon tsufa na gwamnati, da rasit na harajin gidanta. Takan zauna ta ɗora jaka a cinya ta ce, “Ɗana, duba mini da kyau, ba na son kowa ya biyo ni bashi.” Ni kuma in ce, “Mama, ki kwantar da hankalinki, takardunki sun fi na kowa tsabta.” Aikinta ba ya cin minti ashirin, amma nakan ware mata awa guda, saboda daga bakinta na fara sanin tarihin da ke bayan waɗannan takardu.

Kakanta daga tsibirin Barbados ya je haƙar mashigin ruwan Panama. Amurka ta yi wannan aiki daga 1904 zuwa 1914, kuma daga Barbados kaɗai an ɗebi leburori kusan 20,000, ban da na Jamaika da sauran tsibiran. Albashi iri biyu ne a lokacin: fararen Amurkawa ana biyansu da zinariya, sauran kuma da azurfa, kuma wannan rabon ya shiga gidaje da makarantu da kantuna. Jikokin masu azurfa sun tashi da Turanci a baki cikin ƙasar da ke magana da Sifaniyanci. Tsarin mulkin Panama na 1941, zamanin shugaba Arnulfo Arias, ya ƙwace wa da yawansu shaidar zama 'yan ƙasa, sai a 1946 aka sauya shi. Sannan yarjejeniyar 1955 tsakanin Panama da Amurka, wadda ake kira ta Remón da Eisenhower, ta ɗora wa 'yan Panama ma'aikatan mashigin harajin ƙasarsu, ta kuma rufe wa waɗanda ba sa zaune a yankin mashigin ƙofar kantunan rangwame da suka saba saye. Daga nan ƙaura zuwa New York ta kankama.

Sun iso da abu biyu masu tsada: Turanci da takardar zama ta halal. Shi ya sa idan tsofaffinsu suka zo, takardar W-2 nake gani, wato ta mai albashi, ko ta fansho. Ma'aikatan jinya ne da ke cikin ƙungiyar ƙwadago ta 1199, direbobin jirgin ƙasa da bas na hukumar MTA, ma'aikatan gidan waya, malaman makaranta, da tsofaffin sojoji masu yawa, domin aikin soja hanya ce da mazansu suka daɗe suna bi. Albashin bai kai a yi taƙama da shi ba, amma yana zuwa duk mako biyu, da inshorar lafiya a bayansa, kuma an yanke haraji tun kafin kuɗin su taɓa hannu. Da shi wasu suka sayi gidajen jan dutse a Crown Heights lokacin da masu hali ke gudun unguwar. Yau irin waɗannan gidaje sun wuce dala miliyan.

A nan ne damuwata take da su. Dukiyar dattijuwar nan a bango take, ba a aljihu ba. Kuɗin ruwa da na ɗumama ɗaki da gyaran rufi duk daga fansho suke fita. Kullum ana tura mata takarda ta ƙarƙashin ƙofa wai a sayi gidan kuɗi hannu. Satar takardar mallakar gida kuma abu ne da ya addabi tsofaffin Brooklyn, ana sa su sa hannu a abin da ba su gane ba. Na taɓa ganin gidan da uwa ta rasu ba wasiyya, 'ya'ya huɗu suka kasa haɗa kai, aka sayar da arha, guminta na shekara talatin ya tashi a wata shida. Tun daga lokacin ba na barin dattijo ya fita ofishina ban tambaye shi ba: ka rubuta wasiyya? Sunan wa ke kan takardar gidan? Ba aikin lauya nake yi ba, amma ina da ikon tura mutum wajen lauya. Jikokinsu kuma ba duka suka gaji aikin fansho ba. Wasu sun yi karatu sun yi nisa, wasu sun koma jihohin Jojiya da Fulorida neman hayar da za su iya, wasu kuwa takardar 1099 suke kawo mini ta tuƙin mota da kai saƙo, ba inshora ba fansho.

'Yan Malesiya ba jama'a ɗaya ba ce a teburina, kashi biyu ne da da wuya su haɗu a layi ɗaya. Kashi na farko masu digiri ne: injiniyoyin kwamfuta, akantoci, masu haɗa magani. Da bizar karatu suka shigo, suka koma bizar aiki ta H-1B, sannan katin zama. Ba abin mamaki ba ne, tunda kamfanin Intel ya kafa masana'anta a Penang ta Malesiya tun 1972, kuma tsarin tattalin arzikin da gwamnatin ƙasar ta ɓullo da shi a 1971, bayan rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayun 1969, ya fifita Malayawa da sauran 'yan asalin ƙasa wajen gurbin jami'a da aikin gwamnati, sai iyalai 'yan asalin Sin da Indiya da dama suka riƙa tura 'ya'yansu karatu waje. Waɗannan albashin ɗayansu kan ninka fanshon dattijuwata sau da yawa. Ba sa daɗewa a wajena, ta imel suke turo komai.

Kashi na biyu su ne suka fi cin lokacina, kuma su na fi tausayi. Akwai wani mai rumfar abinci a Flushing, yana sayar da shinkafa da kaza da kuma shinkafar kwakwa da suke kira nasi lemak. A 1998 ya shigo, lokacin da kuɗin Malesiya suka karye. Kafin rikicin kuɗi na Asiya na 1997, ringgit (kuɗin Malesiya) biyu da rabi ke sayen dala ɗaya. Cikin 'yan watanni ta haura huɗu, har gwamnatin Firaminista Mahathir ta ɗaure ta a 3.80 a watan Satumba na 1998. Shagon kayan gini da yake aiki ya rufe, ya shigo da bizar ziyara, biza ta ƙare bai koma ba. Ya yi wanke-wanke, ya yi yankan albasa, ya tsaya gaban wuta awa goma sha biyu a rana, har ya tara abin kama rumfa.

Ranar da ya fara zuwa, a ledar cefane ya kawo rasit, wasu mai ya jiƙa su har rubutun ya dushe. Hannunsa duk tabon ƙuna. Muka baje su a tebur biyu, ɗalibar nan tana fassara, muka ware na kaza, na shinkafa, na gas, na haya. Da na faɗa masa abin da zai biya, ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, “Maigida, maƙwabcina kuɗi aka mayar masa, ni kuma ni zan biya?”

Dole na yi masa bayani dalla-dalla. Mai albashi ana cire masa kashi 7.65 cikin ɗari na asusun tsufa da lafiya, wanda ya ɗauke shi aiki ya biya sauran rabin. Mai sana'ar kansa shi ne yaro shi ne ubangida, don haka kashi 15.3 ke kansa. Wanda ribarsa ta kai dala 40,000 a shekara, wajen dala 5,600 zai zuba a wannan kaɗai, kafin a zo ga harajin samu na tarayya da na jiha da na birni. Kuma da yake ba shi da lambar Social Security, wato ta asusun fanshon gwamnati, da lambar ITIN ta biyan haraji kawai yake biya, wadda ba ta ba shi damar karɓar tallafin masu ƙaramin ƙarfi na EITC da ake mayar wa maƙwabcinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yana zuba kuɗi a asusun da dattijuwar Panama ke ci, shi kuma muddin takardunsa ba su gyaru ba, ba zai ga ko sisi ba. Fanshon tsufa sai da maki 40, ba a samun fiye da 4 a shekara, wato aikin shekara goma da aka rubuta da sunanka.

Duk da haka na ce ya biya, ya kuma faɗi gaskiyar abin da yake samu. Akwai masu cike takarda a ɓoye da ba sa sa hannu ba sa rubuta lambar PTIN da doka ta wajabta mana, su ƙago maka 'ya'ya ko asara don kuɗin da za a mayar su yi yawa, su yanki rabonsu su ɓace, wasiƙar hukuma ta zo ta same ka kai kaɗai. Na rasa abokan ciniki da dama saboda na ƙi wannan, kuma ban yi nadama ba.

Shi ya sa ba na sakin jiki da lissafin da ke cewa wannan al'umma ta fi waccan samu. Idan ka haɗa injiniya da mai rumfa ka raba biyu, adadin da zai fito ba na kowa ba ne a cikinsu. Ƙidayar ma ba daidai take kama su ba. 'Yan asalin Panama a Amurka sun haura 200,000. Waɗanda suka rubuta kansu 'yan Malesiya a ƙidayar 2010 kuwa kimanin 26,000 ne, domin da yawa daga waɗanda aka haifa a can sukan rubuta Sinawa ko Indiyawa. Ga kuma bambancin zamani: jikan ɗan Panama da ke gabana zuriya ta uku ce ko ta huɗu a Amurka, ɗan Malesiya kuwa galibi shi ne ya fara taka ƙasar.

Hatta aika kuɗi gida ba iri ɗaya ba ne. A Panama dalar Amurka ake kashewa tun 1904, don haka wanda ya aika wa ƙanwarsa dala ɗari a garin Colón, dala ɗari ta karɓa, ba riba ba faɗuwa. Ɗan Malesiya kuwa canji yake kallo, dalarsa na zama ringgit da yawa, shi ya sa wasunsu kan sayi gida a Ipoh ko Penang tun ba su mallaki ɗaki a nan ba. Ni kuma sai na bi su da tambaya, domin doka ta ce duk wanda kuɗinsa a asusun waje suka haura dala 10,000 a kowane lokaci cikin shekara, sai ya kai rahoto. Da yawa ba su taɓa ji ba sai a bakina.

Mai rumfar nan yana da 'ya da aka haifa a Queens, nan cikin New York, don haka 'yar ƙasa ce. Da ta cika shekara 21 ta nema masa katin zama, kuma da yake da biza ya shigo ta filin jirgi, doka ta ba shi damar gyara zamansa ba tare da ya fita ba. Lauyansa ya nemi takardun harajinsa na baya, na buɗe kabad na ciro masa su shekara bi shekara, babu wadda ta ɓace. Bana ya shigo da sabon katinsa na Social Security a cikin leda, ya ajiye mini a tebur da hannu biyu. Mun rubuta wa IRS ta haɗa tsohuwar lambarsa da sabuwar, yanzu kuma muna tattara shaidar da za a kai ofishin fansho don a mayar da shekarun da ya biya kan sunansa. Na ba shi ranar Talata da safe, kafin ya hura wuta.